Kifin Kasuwannin Pauwa: Hancin Mai Saye Kaɗai Ba Zai Iya Ba

Daga bakin teku a Legas zuwa Ƙanƙara tafiya ce ta kusan kilomita 1,000, amma kifin da mutum zai fi saurin cin karo da shi a kan teburin 'yan kifi a wannan ɓangare na jihar Katsina ɗan teku ne. Taitus, kote, shawa da fanla duk baƙi ne. An kamo su a ruwan Norway, ko Rasha, ko gaɓar Muritaniya, aka daskarar da su tun a cikin jirgi ko da isarsu gaɓa, aka ɗure su a kwali, aka sauke a tashar Apapa. Daga nan manyan motoci masu injin sanyi suka hauro da su Kaduna da Zariya da Kano da Funtuwa. A duk wannan doguwar tafiya, ƙa'ida ita ce kifin ya zauna a sanyin da ya kai maki 18 ƙasa da sifiri.

Matsalar tana farawa ne a zangon ƙarshe, wanda shi ne mafi gajarta. Kwalin da ya ƙetare teku lafiya lau, shi ne za a ɗaure a bayan babur ko a ɗora a saman motar kasuwa, a nufi Sheme ko 'Yankara ko 'Yargoje ko Damari da shi cikin ranar watan Afrilu. Kafin azahar kwalin ya jiƙe sharkaf. Abin da bai ƙare ba zuwa magariba, in da hali a mayar da shi firiza, in an yi sa'a akwai wuta. Gobe a sake fito da shi.

Wanda ya tsaya gaban teburin bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ya ga girma, ya ji farashi, ya taya, an ce albarka, ya ƙara, an sallama. In ya tambaya ko sabo ne, amsar ɗaya ce a kowace kasuwa: yau ya zo. Mai yiwuwa gaskiya ne yau ya zo kasuwar. Yaushe ya rabu da sanyi, ita ce tambayar da ba a yi, kuma ita ce mai amfani.

A ƙasar Pauwa, wato Ƙanƙara, da kuma Faskari da Sabuwa, an bar wa mai saye aikin da ba nasa ba. Shi ne likitan kifin, shi ne ma'auni, shi ne duba-gari. Ana iya koya masa duba ido da shinshina ciki, kuma ya kamata ya koya, amma akwai ɓarnar da hanci ba ya kamawa.

Babban misali shi ne taitus da danginsa masu duhun tsoka. Naman irin wannan kifi yana ɗauke da wani sinadari da ƙwayoyin cuta ke juyawa zuwa histamin da zarar kifin ya ɗumama. In ya taru, tafasa ba ta kashe shi, suya ba ta kashe shi, mayar da kifin firiza ma ba ta rage komai. Kifin kuma yana iya zama da kyan gani, ba wari. Wanda ya ci, cikin mintuna kaɗan zuwa awa ɗaya ko biyu sai fuska ta yi zafi, jiki ya yi borin jini, kai ya sara, wani har da amai da gudawa. A ƙauye ba kasafai ake danganta wannan da kifin ba. Sai a ce jinin wane bai haɗu da kifi ba, ko a ce shawara ce, a jiƙa magani. Mai kifin da kansa bai san ya sayar da cuta ba, domin shi ma daga ragowar ya kai gida aka yi miya.

Ba wai mutanen yankin sun zaɓi kifin kwali don sun fi son sa ba ne. Ƙasar ce gaba ɗaya ba ta kama abin da zai ishe ta. Alƙaluman da gwamnatin tarayya ta sha maimaitawa sun nuna Najeriya na buƙatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, abin da take samarwa kuwa bai wuce tan miliyan 1.2 ba. Wani ɓangare na giɓin da daloli ake cike shi. Shi ya sa da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024, kwalin taitus ya bi ta a guje. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya ƙara wa wutar itace: kuɗin mota ya tashi, kuɗin kunna janareta ya tashi. Mai ɗakin sanyin da a da yake barin inji ya kwana yana aiki, yanzu lissafi yake yi da kowace lita. Kifi kuwa ba ruwansa da lissafin mai shi.

Sai wutar lantarki. A watan Oktoban 2024, bayan lalata layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna da kuma matsalar da ta sami layin da ya biyo ta Ugwuaji da Apir, yawancin jihohin Arewa sun shafe sama da mako guda cikin duhu. 'Yan kifi da 'yan kaji a manyan birane sun yi kukan asara a kafafen yaɗa labarai. Wannan dai duhun da kowa ya gani ne, aka yi ta magana. Garuruwa da yawa a Faskari da Sabuwa da yammacin Ƙanƙara sun saba da nasu duhun tun kafin wannan, ba tare da an buga shi a jarida ba.

Ga kuma hanya. A ƙarshen watan Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta fitar da dokar daƙile matsalar tsaro, wadda ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta ce su zagaya ta Funtuwa. Ba da jimawa ba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. An yi ta lissafin abin da hakan ya jawo wa cinikin shanu da hatsi. Amma buhun masara in ya kwana a hanya masara ne, sa in ya kwana a hanya sa ne. Kifi kaɗai ne kowace awa ta zagaye ke ci daga jikinsa. Duk shingen bincike, duk jiran gari ya waye kafin a kama hanya, duk kasuwar da ta watse da wuri saboda jita-jita, a cikin kwalin nan ake biyan kuɗinsu.

Duk da haka akwai abin da ido da hannu za su iya, kuma tsofaffin mata da suka daɗe suna cefane sun fi kowa saninsa. Daskararren kifi na gari yana da tauri kamar itace, a miƙe yake, fatarsa na ƙyalli. In ya lanƙwashe ya daskare a haka, ko ƙanƙarar da ke cikin kwalin ta yi ja da jini, ko kifayen sun manne da juna sun zama dunƙule guda, to ya taɓa narkewa aka sake daskarar da shi. Cikin da ya fashe alama ce ta cewa ruɓa ta fara daga hanji. Kifin ruwan daɗi kuwa, irin su ƙarfasa da kurungu da ragon ruwa, idonsa ake fara dubawa: na sabo a cike yake tar, na kwana ya faɗa ciki ya yi hazo. Sai a ɗaga murfin kumatunsa a duba jan naman da yake numfashi da shi. In ja ne jawur, madalla. In ya koma ruwan ƙasa yana yauƙi, a ajiye. A danna tsokar da yatsa. In gurbin ya tsaya bai ciko ba, kifin ya gaji. Ƙarni dai halin kifi ne, ba aibi ba ne. Tsami da ɗoyi su ne abin gudu.

Akwai wani abu da ake yi wa mummunar fahimta, wato ƙuda. Kowa na ƙyamar teburin da ƙudaje suka yanyame, kuma da gaskiyarsa. Amma teburin ɗanyen kifi ko na banda a tsakiyar kasuwa, da rana tsaka, ba rufi ba raga ba hayaƙi, kuma ko ƙuda ɗaya bai sauka ba, shi ya fi cancantar a tsaya a yi tambaya. Ruwa ba ya tsami banza. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi kan masu fesa wa wake da busasshen kifi maganin ƙwari mai sinadarin dikulobos, wanda aka fi sani da Sniper ko fiya-fiya, kuma a 2019 ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da shagunan unguwa. Hanin yana nan a takarda. Kwalaben ma suna nan.

Wannan ne ya sa kifin banda, wanda shi ne tsohon maganin da Bahaushe ya samo wa zafin ƙasarsa, yake buƙatar kulawa ta daban. Banda daga Baga da Hadeja da Yawuri ta daɗe tana ciyar da garuruwan da ba su da babban kogi, kuma in an yi ta da kyau tana yin makonni ba firiza ba janareta. Abokin gabarta wani ɗan ƙwaro ne da ke shiga ya cinye tsokar ya bar fata da ƙaya, shi ne ke tura wasu 'yan kasuwa ga feshi. Mai saye ya karya guda ya duba: in gari na zubowa, ƙwaro ya riga shi; in cikin da danshi, ba ta bushe ba, za ta yi funfuna; in ya ji warin magani ko na kalanzir, ya wuce. Wadda ta yi baƙi ƙirin tana maiƙo kuwa, sau da yawa wuta ce ta ƙone bayanta cikin bai nuna ba, ko an shafe ta da mai don ta yi sheƙi.

Na teku irin su jatan lande da ƙaguwa, ba sai an tsawaita ba. Busasshen ƙananan jatan lande da ake kawowa daga Oron ta jihar Akwa Ibom ana samun sa a hannun 'yan kasuwar kudu a Funtuwa, kuma yana da auki a miya da kunun yara. Ɗanyensa kuwa ya fi kifi saurin lalacewa, kuma duk wanda aka tallata wa shi a wurin da wuta ba ta tsayawa, ya riƙe kuɗinsa.

To me ya rage? Tarwaɗa mai rai. A duk kifin da ake sayarwa a yankin, ita kaɗai ce ke ba da shaidar kanta: tana motsi a cikin baho. Allah ya hore mata wata gaɓa a kai da take shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa take jure doguwar tafiya a cikin ɗan ruwa, har ta yi sa'o'i a waje in jikinta da laima. Ba ta buƙatar ƙanƙara ko dizal. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta sanya Najeriya a sahun farko a duniya wajen kiwon wannan nau'in. Wasu na cewa ta kiwo ba ta kai ta rafi daɗi ba, kitse ya yi mata yawa. Wataƙila haka ne. Amma tsakanin tarwaɗar da ke buga jela a gabanka da taitus ɗin da ba wanda ya san sau nawa ya narke, zaɓin ba shi da wuya ga mai ƙananan yara a gida.

Ko a nan ma da sauran magana, domin ciniki da ido ake yi. A gonar kifi da sikeli ake auna wa dillali, kilo-kilo. Da ya iso kasuwa sai sikelin ya ɓace, a koma kashi-kashi da “wannan nawa, wancan nawa”. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai idon wanda ke sayarwa kullum ya fi na wanda ke saye sau ɗaya a mako sanin kimar. Kan tarwaɗa kaɗai yana cin kaso mai tsoka na nauyinta, kuma mace mai cike da ƙwai tana cika ido fiye da naman da za a samu a tukunya. Mai hatsi a Dandume ba ya sayarwa sai da tiya, mai auduga a Daudawa tun zamanin Turawa da sikeli aka san shi. Ba a ga dalilin da zai sa kifi, wanda ya fi su tsada, ya zama shi ne ba ma'auni ba.

Ruwan gida fa? Akwai shi, ko da ba shi da yawa. Madatsar Mairuwa da ke ƙasar Faskari da ta Gwaigwaye kusa da Funtuwa an gina su ne don shayar da gari, amma masunta na samun ƙarfasa da tarwaɗa a cikinsu. Can arewa akwai Zobe ta Dutsin-Ma, wadda aka kammala a 1983, kuma ta fi su girma nesa ba kusa ba. Ga tafkuna da fadamu da ake yin su a cikinsu idan ruwa ya ja baya da rani. Kifin da ya fito daga waɗannan wurare da asuba ya isa kasuwa da hantsi ba shi da na biyu. Sai dai yawansa na raguwa, kuma dalilan a bayyane suke: ƙasa na cike madatsun, ana jan raga mai ƙananan ido har da gidan sauro a kwashe 'ya'yan da ba su kai ko'ina ba, wasu kuma na zuba guba. Gamalin 20, wanda aka daɗe ana kashe kifi da shi a ruwayen Najeriya, sinadarin lindan ne, kuma tun 2009 Yarjejeniyar Stockholm ta saka shi cikin jerin gubobin da duniya ta amince a daina. Inda Sarkin Ruwa ke da ƙarfi, shi ne ke hana irin wannan, ya rufe ruwa ya buɗe a kan lokaci. A Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, ana samun giwan ruwan da sai ƙarti sun taru su ɗaga ne saboda an hana taɓa kogin Matan Fada sai ranar da aka buɗe. Inda masunci ke tsoron kwana a bakin ruwa saboda 'yan bindiga kuwa, Sarkin Ruwa ma a gida yake kwana.

Wani zai ce duk wannan surutun masu ƙoshi ne. Magidancin da ya zo da 'yan canjinsa yana neman abin da zai sa wa miyar kuka ɗanɗano ba shi da ta cewa. Yankan da kuɗinsa ya kai shi zai ɗauka, ko da yamma ne an karya farashi saboda kifin ya fara saki. Wannan gaskiya ce, kuma ita ce ma hujjar. Mai kuɗi yana da mota, zai je Funtuwa ko Zariya ya saya a bakin ɗakin sanyi. Talaka ne ke cin ragowar rana. Kuma a jihar da binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kimanin yara 6 cikin 10 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, jihar da ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 sun rasu a cibiyoyinta saboda tamowa a watanni shida na farkon 2025, kifi ba kayan marmari ba ne. Shi ne nama mafi kusa da aljihun talaka, musamman ƙananan da ake dakawa da ƙayarsu a zuba a kunu. Yaron da jikinsa ya riga ya raunana, gudawar kwana biyu daga ruɓaɓɓen kifi ba ƙaramin abu ba ce gare shi.

Mai sayarwar ma ba dodo ba ne. Yawancinsu bashi suke ɗauko kwalin, su biya bayan sun sayar. In ya zubar da rabin kwali, jarinsa ne ya zubar. Malaman Malikiyya sun halatta abin da ya fito daga ruwa ko da mushe ne, amma babu malamin da ya halatta ɓoye aibin haja, kuma 'yan kasuwa sun san hukuncin algus sarai. Abin da ba su da shi shi ne wurin da za su ajiye abin da ya kwana. Wa'azi ba ya daskarar da kifi.

Aikin da ake buƙata ba gagarumi ba ne, kuma an gwada shi a wasu wurare. Kamfanin ColdHubs da Nnaemeka Ikegwuonu ya kafa a 2015 yana girka ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana a cikin kasuwanni, ɗan kasuwa ya biya kuɗin kwando ɗaya na kwana ɗaya, ba sai ya mallaki firiza ba. Rana dai ba a rasa ta a Ƙanƙara. Ƙaramar hukumar da ke karɓar haraji kowace ranar kasuwa a Sheme za ta iya ware ɗaki guda irin wannan, ko injin yin ƙanƙara mai sola, kafin ta sake gina wasu rumfunan da za a bar wa awaki. Kifin ruwan daɗi da aka binne a cikin ƙanƙara tun daga bakin ruwa yana haura mako guda, alhali a zafin nan namu yini ɗaya ma da ƙyar. Wajen banda kuma, murhun Chorkor da aka ƙirƙiro a Ghana tun 1969 da laka da katako da ragar waya ake yin sa, yana cin itace kaɗan, kifin kuma ya bushe sosai har ciki. Cibiyar NSPRI mai binciken adana amfanin gona, wadda ke da reshe a Kano, tana da nata samfurin na ƙarfe. Kifin da ya bushe da kyau aka rufe shi a mazubi mai murfi bai cika buƙatar feshi ba.

Sai duba-gari. Kowace ƙaramar hukuma tana da ma'aikatan tsabtar muhalli a kan albashi, kuma dattawa na tuna lokacin da jin sunansu kaɗai ke sa a share gida. Zagaye ɗaya a layin 'yan kifi ranar kasuwa, tare da Sarkin Kasuwa da shugaban 'yan kifin, ya isa ya canza lissafi, muddin ba a mayar da shi hanyar karɓar na goro ba. Doka uku kawai za a fara da su: rumfa da raga a kan kowane tebur, sikeli a gaban mai saye, da ƙwace duk abin da aka samu da warin magani.

Abin da ya fi ba da takaici shi ne na kiwo. Abinci ne ke cinye kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin kiwon tarwaɗa, kuma ginshiƙin abincin nan masara ce da waken suya. Daga ina ake lodin su? Daga Dandume da Funtuwa da Bakori da Faskari da Sabuwa. Tireloli na kwasar su zuwa masana'antun Kaduna da Jos da Ibadan, a niƙa, a ɗure a buhu mai tambari, a dawo da shi da ninkin kuɗi. Tarwaɗa na kai kilo guda cikin wata biyar zuwa shida a tankin siminti ko na tamfol a bayan gida, inda ba sai an shiga daji ba, abin da ke da muhimmanci ga mutanen da gonakinsu na nesa suka gagara zuwa. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma tana da sashen nazarin kifi, tana yaye ɗalibai duk shekara, kuma daga can zuwa Ƙanƙara ba wata tafiya ba ce. Abin da ya rage shi ne ƙaramin injin curin abincin kifi a Funtuwa ko Malumfashi, da wurin ƙyanƙyasa mai aminci, da rijiyar burtsatse mai sola ga ƙungiyoyin matasa da mata. Gwamnatin jiha na raba taki da injinan ban ruwa kusan kowace shekara. A kasafin baɗi, Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa na buƙatar ganin layin kifi a ciki, da adadin kuɗinsa da sunan garin da za a fara.